Kibau Ukun da Bawa Ya Ara Mini

Bana shekara talatin da shida ke nan da muka rufe Bawa a maƙabartar Adabka. Zazzaɓin kwana huɗu ne ya tafi da shi. Abokina ne tun ƙuruciya, kuma duk yankinmu, daga Bukkuyum har Gummi, ban ga wanda ya kai shi harbin nesa da baka ba. Ni ma maharbi ne, faɗin haka bai taɓa yi mini daɗi ba.

Mu sauran, in mun sami kyauro mun kafa masa ƙarfe, to kibiya ta samu. Bawa kuwa sai kaka ta yi nisa yake yanko kyauronsa, ya shanya a inuwa, ya riƙa gasa shi sama-sama a garwashi yana miƙar da shi da yatsu. Kowace kibiya sai ya ɗora ta a kan yatsa ya ga inda nauyinta ya tsaya. In kan ƙarfen ya rinjaya, ya koma wa maƙeri a rage, har maƙerin kan sulale bayan rumfa in ya hango shi ranar kasuwa. Sannan ya yi ta harba ta daga nesa har ya san halinta, ya yi mata zane da wuƙa. Mukan yi masa tsiya cewa ya fi sanin kibansa a kan 'ya'yansa.

Mahaifina shi ne Sarkin Bakan garinmu, kakana ma haka. Da ya rasu a farkon shekarun tamanin, dattawan maharba suka ce ba za a ba ni sarautar don gado kawai ba. Za a kafa ƙwarya a kan turke a ƙetaren gulbi, ni da Bawa kowa ya harba kibiya uku. In na kuskure, sarautar gidanmu ta fita a hannuna. Inna kuwa, na lura tuwo ya daina shigar mata.

Ranar da aka sa, na riga kowa zuwa bakin ruwa don in gwada hannu. Kiban mahaifina na ɗauko, manya masu kunne, waɗanda aka ƙera don gyado a taku ashirin. A ganina abin kunya ne ɗan gidan sarauta ya fito da wasu. Na harba biyar, duk suka faɗa tsakiyar gulbi. Sai na ji muryar Bawa a bayana.

"Sani, kihi kaka harbi?"

Ya karɓi bakan, ya sa dunƙulen hannunsa tsakanin itacen da tsirkiya. Ya ce, "Raɓa ta jiƙa tsirkiyag ga, ta saki. Kuma kiban ga na kusa na, ba su ƙetare ruwa."

Na ce cikin fushi, "Ɗan Sarkin Baka da kiban ubanai shika harbi."

"Awo, haka na," in ji shi. "Sai shi ci sarautak kihi."

Ya kwance tsirkiyar, ya shanya ta a kan dutse har ta sha rana, ya murɗa ta, ya mayar, ya sake aunawa. Sannan ya zaro kibau uku daga kwarinsa, sirara masu ƙaramin kai. Na san su sarai, su ne waɗanda ba ya bari kowa ya taɓa. Ya ce mai zane biyu tana jan hagu, in ba ta dama kaɗan, in kuma ɗaga hannu sama da ƙwaryar kamar tsayin mutum. Na ji kunya ta rufe ni, amma na karɓa.

Kibiyata ta farko ta wuce ta sama, ta biyu ta fasa ƙwaryar. Da aka kafa sabuwa, Bawa ya harba nasa, ɗaya ta gogi turken, biyu suka faɗi gab da shi. Aka yi ta kiɗa da kirari, Inna ta rangaɗa guɗa, ni kuma na yi shiru na sha yabo.

Bayan wasu shekaru na tambaye shi ko da gangan ya kuskure. Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba. Ya ce, "Da kiban da sunka rage niy yi harbi, kuma so niy yi in kada ka. Ba ni dai son in ci mutum don tsirkiyatai ta jiƙe." Bai sake ɗaga maganar ba har ya koma ga Allah.

Kwanan baya jikana ya nuna mini a waya masu harbin gasa na ƙasashen waje, da bakuna masu sanduna da madubin saiti. Ni dariya na yi. Bawa ba zai yi dariya ba, cewa zai yi a miƙo masa kibiya ɗaya ya ɗora a yatsa. Abin da zai sa shi baƙin ciki shi ne dajin da yake yankan kyauro, wanda yau ba mai shigarsa ya tabbatar zai dawo, da kuma samarin da ke riƙe da bindiga ba su taɓa koyon tsayawa su auna ba.

Bayan babbar sallah na tara maharban da suka rage, ba mu cika goma ba, na faɗa musu kiban wane ne suka ci mini sarauta. Na ce in na mutu a ɗauki kwarin sarautar a kai gidan Bawa, a ba ɗansa Umaru, wanda har yau yake miƙar da kyauro irin na ubansa. Babban ɗana ya tashi ya bar wurin, har yanzu gaisuwarmu a taƙaice take. Ban ga laifinsa ba, irin tsoron da na ji a bakin gulbi ne yake ji. Amma shekara arba'in na yi a kan kujerar wani, kuma mai ita bai taɓa cewa in tashi ba. Allah Ya jiƙan Bawa, Ya yafe mini jinkirin.