Yajin Baba Haruna a Tsakiyar Teku

Ranar da ba ta fita raina ita ce ranar da yaji ya kusa raba Baba Haruna da aikinsa.

Ni ɗan unguwar Jarwal ne a nan Makka, amma na yi shekaru ina aiki a jirgin ruwa mai kai wa jiragen yaƙi kaya daga Jidda. Mu ba ma harbi. Mu ne gidan mai, mu ne kasuwa, mu ne asibiti, wani sa'in har da garejin gyara. Kuma ba a tsayawa a miƙa kaya. Jirage biyu ne ke jerawa suna tafiya, a harba igiya tsakaninsu, kaya su bi ta kai. Masu riƙe igiyar dokarsu ɗaya ce: kada ka saki.

Baba Haruna shi ne kukunmu. Kafin ya hau jirgi tsire yake sayarwa a unguwar Tandabawi, kuma iƙamarsa, wato takardar izinin zama a ƙasar, da ta iyalinsa duk a kan aikin jirgin nan suka rataya.

Al'ada ce idan an gama ba da mai a aika wa ɗaya jirgin ɗan tukwici. Ranar sai Baba ya gasa tsire tire guda, ya zazzage masa yaji a kai, ya lulluɓe da takarda kamar yadda ya saba yi wa masu saye. Na ce, "Baba, a sa murfi mana." Ya harare ni ya ce, "Yaro, murfi gumi yake sa nama. Yalla, maza ɗaura a igiya!"

Tiren na kaiwa tsakiya iska ta fizge takardar. Yajin nan kaf ya tafi fuskar sojojin ɗaya jirgin da ke riƙe da igiya. Ƙarti na atishawa, hawaye shaɓe-shaɓe, ga shi ba damar sakin igiya a share ido. Dariya ta cika min ciki, amma da na waiga na ga Baba ya dafe kai, wallahi sai tausayinsa ya kama ni.

Kyaftin ya kira shi. "Ya Haruna, me ka harba wa jirgin yaƙi?"

"Yaji ne, ranka ya daɗe."

"Kwamandansu ya yi magana ta rediyo. Ya ce tun da suka fito ba wanda ya iya kai musu hari sai kai. Ya kuma ce a ƙaro naman."

Ba a kore shi ba. Sai dai daga ranar aka kulle yajinsa a ɗakin kaya masu haɗari, kusa da fenti, ba ya ɗiba sai da izinin hafsa. Har ya bar aiki yana mita.

Abin da na koya shi ne, wanda ya daɗe a teku ba ya gode maka don mai, wannan na inji ne. Amma ka kai masa abin da ya yi kama da girkin gida, ko hawaye ka sa shi sai ya yafe.