Kiredi Ukun da Suka Maƙale a Garou

Karatuna ya tsaya a aji shida na firamare. Abin da na fito da shi kaɗan ne: ƙidaya, da Faransancin karanta takarda a hankali, da tsoron kuskure. Da su nake ci a kasuwar Malanville. In ana lodin albasa ni ke tsayawa gindin mota, duk buhun da ya hau in jefa tsakuwa ɗaya a gwangwani. Ban taɓa yarda da kaina ba, amma na yarda da tsakuwa.

Da ɗiyata ta fari ta samu jami'a can kudu, na sa ta zauna ta bayyana mini tsarin karatun har sau uku. Lisans ce, wato digirin farko, ta karatun gama-gari, inda ake taɓa fanni da yawa. Akwai darussan dole, irin su Faransanci da tarihi da lissafi. Akwai na zaɓi, ita ta ɗauki na noma. Akwai kuma sitaj, wato ta je wani wurin aiki ta yi wata guda tana koyo. Kowane darasi da nauyinsa, suna ce masa kiredi, wani shida, wani uku. Zango shida ne cikin shekara uku, talatin-talatin, kuma sai an cika ɗari da tamanin cif ake ba mutum takarda.

Na ce, "In ɗaya ya rage fa?"

"Baba, ba ya ragewa."

"In ya rage?"

"To, babu takarda."

Ran nan na gangara bakin gulbi na tsinto tsakuwa ɗari da tamanin, na wanke su, na zuba a gwangwanin tumatir. Duk ƙarshen zango takan turo mini hoton sakamako a waya, in bi layi-layi da yatsa, in kwashe abin da ta ci zuwa wani gwangwanin. Uwarta kan leƙo ta ce, "Malam, ɗiya ka kai makaranta ko albasa?"

A zango na huɗu ashirin da bakwai na kwashe. Gaban layin sitaj babu komai. Na tambaye ta, ta ce na kowa yakan makara, za a cika. Ai ta yi shi, da idona na gani: wata guda cur a Garou, wurin ƙungiyar mata masu turara shinkafa, wadda yayata ke shugabanta. Sai na yi shiru. Shirun nan ya ci ni shekara guda.

Wata Litinin cikin damina ta kira tana dariya, ta cinye zango na shida duka. Uwarta ta rangaɗa guɗa, maƙwabta suka fara shigowa barka. Ni na koma ɗaki na kwashe talatin. Uku suka rage. Na juye duka a tabarma na sake ƙirgawa, na kuma sakewa. Uku.

Na kira ta na ce ta je ofishin jami'a yanzu.

"Haba Baba, kai dai ba ka iya farin ciki ba!"

"Zan koya. Je ki ofis."

Bayan azahar ta sake kira, muryar ta canza. Rahoton sitaj ɗinta yana nan, amma babu takardar shaida mai hatimi daga wurin da ta yi aikin. Ran Juma'a malamai za su zauna su fidda sunayen waɗanda suka gama. Wanda bai cika ba sai baɗi.

Na ce, "Ba su ba ki takardar da za a cika ba tun farko?"

"Sun ba ni. Goggo ce ta ce in mayar da ita jaka. Na ji nauyin sake yi mata magana."

Washegari na hau babur ɗin kabu-kabu zuwa Garou. Hanya duk taɓo, sau biyu muna sauka muna turawa. Na tarar da yayata gaban tukunya, tururi ya rufe ta. Ko gaisuwa ban ƙarasa ba na faɗi abin da ya kawo ni. Ta aje muciya.

"Takarda? Tsakanina da ɗiyata? Ana yi wa baƙo shaida a rubuce, wanda ba a san asalinsa ba. Garou duka sun gan ta nan tana zufa. Wa ya ce ƙarya ne, ya zo ya faɗa gabana."

A wurinta, ta sa hatimi a kan aikin ɗiyar ƙanenta tamkar ta ce ba jininta ba ce. Na san halinta, in na matsa sai ta ƙara kafewa. Na zauna a kan turmi, na ce:

"Yaya, ba ita ce baƙuwa ba. Ke ce. Mutanen can ba su san ki ba, ba su san akwai mata a Garou da ke koya wa 'yar jami'a aiki ba. Takardar nan ke za ta gabatar."

Ta dube ni. Matan da ke shanya suka juyo.

"Ni ce baƙuwa?" Sai ta fashe da dariya. "Kai tun kana yaro sai ka ƙirga ƙosai kafin ka ci. To a rubuta! A sa cewa ba ta taɓa ƙona mini tukunya ba."

Aka kira sakatariyar ƙungiya daga fadama, ta rubuta da Faransanci, na karanta sau biyu, na sa ta gyara ranar farawa. Tawadar hatimi ta bushe, sai da aka ɗiga mata ruwa, na gwada a tafin hannuna kafin a buga. Yayata ta ce ba ta yarda da robar hatimi ita kaɗai ba, ta dangwala babban yatsanta a gefe.

Ban ba direba saƙo ba. Na sa takardar a leda biyu, na cusa cikin riga, na hau motar kudu da kaina. Ran Alhamis da hantsi ina tsaye gaban ma'aikacin ofis, ɗiyata a bayana. Ya duba hatimi, ya duba yatsa, ya yi murmushi, ya buga a na'ura. Da Faransancina na aji shida na roƙe shi ya nuna mini jimla. Ya juyo da allon. Ɗari da tamanin.

Ran Juma'a da la'asar aka manna sunaye. Ni na riga ta ganin nata, na ɗora yatsa a kai na ƙi ɗagawa, ina kabbara da ƙarfi, ɗalibai na ta yi mini tafi ba su ma san dalili ba.

Ranar walima yayata ta iso Malanville da buhun shinkafa a bayan babur, tana shaida wa duk wanda ya shigo cewa yatsanta ne ya ƙarasa karatun. Ɗiyata ta dube ni za ta musa, na girgiza mata kai. Na ci tuwo na ƙara.