Shaƙuwar Baba

Mahaifinmu malami ne a Bakura. Bayan la'asar yakan zauna a zaure, manyan ɗalibai su kewaye shi da littattafansu, wasu daga Birnin Tudu suke zuwa a kan keke. Ina cikin tsakar gida nake jiyo muryarsa, mai kauri, ba gaggawa.

Da aka gano sankarar hanta a jikinsa, likitan babban asibiti ya ce wurin ya wuce yanka. Sai dai a zura siririn bututu ta jijiyar cinya, a toshe hanyar jinin da ke ciyar da ƙarin. Baba ya saurara, ya ce, "To, Allah shi sa mu dace."

Da aka yi aikin, an gaya mana zai yi zazzaɓi da amai da ciwon gefen ciki na 'yan kwanaki. Duk ya yi su bayan mun dawo gida. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne shaƙuwa. Ya ɗauko aya, kafin ya kai ƙarshenta shaƙuwar ta yanke shi. Inna, mahaifiyarmu, ta ba shi ruwan randa, ta dama kunun tsamiya, a banza.

"Malam, ka huta da karatun nan mana," in ji ta.

"In huta in yi mi?"

Zazzaɓin ya ƙi sauka, idanunsa suka yi ɗorawa. Na sa shi a mota zuwa Talata Mafara, daga can aka mayar da mu inda aka yi aikin. Hoto ya nuna mugunya ta taru inda naman ƙarin ya mutu. Likitoci suka zuƙe ta da bututu, ya daɗe a kwance yana shan allurai. A hankali shaƙuwar ta tafi.

Allah ya ara mana shi har damina ta zagayo. Ya rame, rawani ya yi masa yawa, amma ya ci sabuwar masarar da ƙanwarsa ta aiko daga Maradun, yana tsokanar Inna wai ta ƙona gefe guda. Ranar na gan shi yana dariya har da riƙe ciki.

Ya rasu ana yankan gero. Inna ba ta sake gasa masara a gidan ba, sai dai jikoki su saya a tasha.