Ranar da na ƙona kulocin jar mota

Jar motar ɗan Alhaji ta tsaya min cik a bakin filin sukuwa, ƙauri ya cika ta. Ina taka totur, inji na ihu, taya ko motsi. Satar ta na yi daga gareji, don Baba, tsohon bakaniken gidan, ya sa mata sabon faifan kuloci na tseren Lahadi, ya ce Sale, abokin koyon aikina, ne zai gwada. Sale fa, da na riga zuwa wajen Baba da shekara biyu!

Sai ga Baba a kan kekensa. Ya cire takalmi, don shi da tafin ƙafa yake jin kuloci. Ya taka, ya shinshina, ya dube ni.

"Ɗan nan, kuloci ba tabarma ba ne da za ka shimfiɗe ƙafa a kai. Taka ka saki. Sale ya iya sakin abu, kai ba ka iya ba."

A gida ya ce wa ɗan Alhaji shi ya ɗaura ba daidai ba. Ya sha zagi, ni ba a kore ni ba. Makullin motar kuwa, Sale Baba ya sake miƙa wa.

Yau shekara guda da rasuwar Baba. Na aika wa Sale takarda unguwarsu Gama:

"Har yanzu ina jin haushinka, kai Baba ya fi so. Amma ka gaya wa ɗan Alhaji ni na ƙona faifan nan, Baba bai taɓa kuskuren ɗauri ba. Allah Ya rufa masa asiri yadda ya rufa min."