Faifai Mai Baya

A shekarun da Babanmu yake lebura a gonar gwajin auduga ta Samaru, tare muke zaune da kakata ta wajen uwa, Kaka Jummai. Da an sauke tuwon yamma sai ta ja kujerarta bakin murhu, ta zuba mana gyaɗa a rushi, ta ɗauko kaba ta ci gaba da saƙar faifai. Hannu na saƙa, baki na tatsuniya. Ni take kira Maigida, wai ni ne mijin da ba ya cefane amma ya fi kowa loma.

Akwai wata tatsuniyarta da muka fi so. Wani yaro ne zabuwar uwarsa ta ɓace, ya bi sawunta cikin daji, ya yi ta tafiya har aka daina jin labarinsa. Kullum da yamma uwar sai ta hau kan suri ta rera: "Ɗan zabuwa, gero ya nuna, tuwo ya huce, ina ka kwana?" A da, yaron yakan amsa mata da tasa waƙar, sannan ya dawo. Amma tun da Kawu Tanko, autanta, ya ajiye fartanya ya koma Sabon Gari yana kiɗan goge, Kaka ta daina kai labarin ƙarshe. Tana rera kiran uwar sai ta tsaya.

"Kaka, ya dawo kuwa?"

"Maigida, gyaɗarka na ƙonewa."

Ta riga ta faɗa a gaban kowa cewa ɗan goge ba zai taka mata tsakar gida ba. Shekara uku ke nan, Kawu bai taka ba.

Ina da kamar shekara goma sha biyu, wata Asabar na je kasuwar Sabon Gari, na tarar da mutane sun cika ƙofar wani shago. Garmaho ake sawa, kuma gogen Kawu ne ke fita daga ciki. Ashe shi da masu buga masa ƙwarya sun je Ikko an ɗauki waƙarsu, sabon faifan ya iso. Har wani ɗan dako ya ajiye buhu yana taka rawa. Na tsaya aka sa gaba da baya sau uku. A nan na ƙudurta sai Kaka ta ji shi, ko da zan sha tsintsiya.

Na je wajen Kawu, ya ba ni faifai ɗaya, yana cewa wahalar banza zan yi. Faifan garmaho kuwa kamar ƙwai yake, sai na sa shi tsakanin faifayen Kaka guda biyu da ba a saya ba, na ɗaure da zare, na tura keken Baba da ƙafa duk inda hanya ta yi gargada. Wani malamin gona maƙwabcinmu ya ara mini garmahonsa da allura biyu.

Da yamma na dire akwatin a gaban murhu.

"Wane aljani ka kawo mini?"

"Faifai ne, Kaka. Irin naki, sai dai wannan yana magana."

"To ya rufe ƙwarya mu gani."

Na murɗa hannun har ya cije, na ɗora allura. Aka ɗan yi ƙarar suya, sai gogen ya shigo a hankali, ƙwarya na biye da shi, sannan muryar Kawu: gero ya nuna, tuwo ya huce. Ƙannena suka miƙe suna rawa, Innarmu ta fito da ludayi a hannu ta manta abin da ya fito da ita. Kaka ba ta ɗaga kai ba, amma kabar hannunta ta tsaya, kuma na ga babban ɗan yatsan ƙafarta yana bin ƙwaryar.

Waƙar ta ƙare a kan kiran uwar. Na san abin da ke ɗaya gefen, amma ban ce komai ba. Na cire faifan, na fara rufe akwati a hankali.

"Ɓarawo," in ji Kaka. "Ya sace mini waƙa, kuma bai ƙarasa ba." Can ta ce, "Kai, Maigida, faifan naku ba shi da baya ne?"

Na juya shi, na sa allura ta biyu. Amsar yaron ce: "Inna, rufe mini nawa, ina kan hanya, zabuwar ce ke da nisa." Kaka ta goge ido ta ce hayaƙi ne, alhali garwashi kawai ya rage a murhun.

Na yi shekara arba'in ina dillancin rediyo da kekuna a Sabon Gari, kuma a gaban murhun nan na koyi sana'ata: ka nuna wa mutum rabi, ka ja bakinka, sauran shi zai nema. Sai da na haifi nawa 'ya'yan na gane Kaka ta riga ni sanin wannan. Shekara uku tana rera rabin waƙa kullum, da ƙarfi, don wani ya kai labari Sabon Gari.

A daren dai abin da ta ce shi ne, "Ka gaya masa ya zo ranar Lahadi. Ya taho da abin nasa. Akwai inda ya yi kuskure a amsar, zan gyara masa."