Makon da Layin Ruwa Ya Goce a Lagdo

Tun a lise, wato sakandare, muka haɗu da abokina a Garwa, benci ɗaya muke zama. Bayan kowa ya yi karatun kwamfuta ya dawo, muka kama ɗaki a bayan babbar kasuwa muka sa masa suna biro, wato ofis da Faransanci. Tebur biyu ne a ciki, da fanka mai kuka, da wata babbar kwamfuta a kusurwa wadda ba a kashe ta. A kanta duk manhajojin da muke rubuta wa mutane suke gudana, nawa da nasa. Shi mutum ne mai baki, zai iya sa ka sayi abin da ba ka fito saye ba. Ni ba ni da wannan baiwar. Ina da saurin fushi, kowa ya sani, amma ina iya zama da aiki har sai ya daidaita.

Manhajar da muke rubutawa ba ta tafiya ita kaɗai. Akwai wata babba a ƙarƙashinta da ke ɗaukar ɗawainiyarta, mu muna ce mata mai masauki, don aikinta ya yi kama da na kakana lokacin da fatake ke sauka a gidansa: ya ba kowa ɗaki, ya share bayan wanda ya tashi, ya hana wani leƙa jakar wani. Mai masauki ne ke ba kowace manhaja wuri a ƙwaƙwalwar na'ura, ya kwashe abin da ta gama amfani da shi, in kuma ɗaya ta faɗi ya tsare ta a ɗakinta kada ta ja sauran. Abin da ya sa na yarda mu haɗa na'ura ɗaya ke nan.

Kowace manhaja guntaye ne aka harhaɗa, kuma in za mu ɗora ta a kan na'ura sai mu zuba guntayenta duka a jakarta ita kaɗai. Akwai dai wani rumbu na kowa da kowa. Idan mai masauki yana neman guntu, can yake fara dubawa, yana duba abu uku: suna, da lambar fitowa, da sa hannun wanda ya rubuta. In ukun nan sun dace, ya ɗauka ke nan, ba zai ma waiwayi jakarka ba. Saboda haka muka yi doka tun ranar farko cewa babu mai saka komai a rumbun. Shi sa hannun da wani ɗan mabuɗi ake yin sa, fayil ne ƙarami. Na ba abokina kwafin nawa wata shekara da zan tafi Marwa jinyar surukata, ko da wani abu zai taso ba na nan. Da na dawo ban ce ya goge ba, don ko a raina abin bai zo ba.

Aikin da na fi ji da shi ta hannun kawuna ya zo, ƙanin mahaifiyata, manomin shinkafar rani a Lagdo. Yana cikin kwamitin da ke raba wa manoman yankinsu ruwa. Gonakin rukuni-rukuni ne, kowane rukuni da ranar da ake buɗe masa ƙofar ruwa, kuma layin yana juyawa kowane mako don kada wasu su dawwama a rana ɗaya. A da wani ne ke zagawa a babur yana faɗa wa mutane. Kawu ya miƙe a taro ya ce ɗan 'yar uwarsa zai iya sa saƙon ya riƙa shiga wayar kowa. Dattawa suka yi ta gunaguni. Ya ce su bar abin a wuyansa.

Su manoman nan makonsu daga Asabar yake farawa, don ran Juma'a bayan masallaci suke zama su tsara layi. Asabar ce rana ta ɗaya. Na rubuta ɗan guntu mai ƙidaya kwanaki a kan haka, na sa masa hannu, na ajiye shi a jakar manhajar. Ta yi aiki kaka guda cif ba tangarɗa. Kawu har ya fara tafiya da wani irin taku in ya shigo gidanmu, mahaifiyata tana tsokanarsa wai kamar shi ya haife ni.

Sai wata Asabar da hantsi, ana tsakiyar dashe, ya kira ni. Muryarsa a ƙasa take, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Saƙon da ya fita jiya ya goce da kwana biyu. Waɗanda ruwansu yau ne an ce musu Litinin, ba su zo ba. Waɗanda nasu sai Alhamis an ce musu yau, sun tumɓuke irin dashe tun da sassafe, sun kwaso 'yan aiki, suna tsaye a busasshiyar gona. Mai buɗe ƙofa kuwa da takardar kwamiti yake aiki, ya ce ba zai saki ruwa don abin da waya ta faɗa ba. Har an kai ga cin kwala.

Na duba jakata, babu abin da ya canza. Na gwada manhajar a ƙaramar kwamfutata, ta ba da ranakun daidai. Na sake gwadawa a babbar, ta goce. Abokina yana teburinsa yana kallona, ya ce in kwantar da hankali, wataƙila agogon na'urar ne.

Washegari kwamiti ya kira ni. Abokina ne ya kai ni a babur ɗinsa, ya zauna kusa da ni a kan tabarma. Aka tambaye ni me ya faru, na ce ban sani ba tukuna. Ban taɓa jin nauyin kalma kamar wannan ba. Wani dattijo ya yi magana da Fulatanci, bai kalle ni ba, kawu ya kalla, ya ce an amince wa babba, babba ya miƙa wa wasan yara. Irin da aka tumɓuke ya riga ya yi yaushi a rana. Aka yanke a koma ga mai babur. A hanyar dawowa abokina ya tsaya bakin tafki ya saya mini bandar kifi, wai in kai wa iyali, kada in sa abin a rai. Na ci kifin nan, har na gode masa.

Kwana uku ina haƙa. Daga ƙarshe na kunna rajistar da mai masauki ke rubuta inda ya ɗauko kowane guntu. Guntun kwanakina ba daga jakata ya fito ba, daga rumbu ne. Suna nawa, lamba tawa, sa hannu nawa, an saka shi ran Alhamis. Na buɗe cikinsa. Layi ɗaya aka canza: mako ya fara daga Litinin.

Nan take na gane. Abokina ya samu aiki daga wani kamfanin motocin fasinja, su kuma daga Litinin suke ƙidaya mako kamar kowane ofis. Maimakon ya rubuta nasa, ya ɗauki nawa ya gyara, ya sa hannu da mabuɗina, ya jefa a rumbu don manhajojinsa uku su ɗauka daga wuri ɗaya. Da ya ƙara ko da ɗaya a kan lambar, da mai masauki ya bar kowa da nasa, da babu abin da ya faru.

Har lokacin ina ba shi uzuri, kuskure kowa na yi. Da ya shigo na juya masa allon, na tambaye shi yaushe ya sani.

Ya ce, "Tun Asabar, da kawunka ya kira."

"Ka zauna kusa da ni a tabarmar nan ka sani?"

Ya ce a lokacin masu motoci za su zo ganin aikinsu ran Litinin, da ya taɓa rumbun da komai ya wargaje masa. Ya ce ya yi niyyar gyarawa a hankali ba wanda ya ji. Sai ya ƙara da Faransanci wai ba wani abu ba ne, shinkafa ce, za a sake dasawa. Na yi fushi da mutane da yawa a rayuwata, na yi ihu, na huce. Ranar ban iya ɗaga murya ba. An ci amanata, kuma da hannuna aka sa hannu a kai. Kafin la'asar na kwashe manhajojina daga na'urar, na lalata mabuɗin, na fita da kujerata.

Na koma Lagdo na sami kawu a gona. Na yi masa bayani dalla-dalla, rumbu da jaka da lamba, ina zana masa a ƙasa da tsinke. Na roƙe shi ya kai ni gaban kwamiti in wanke kaina, in wanke shi. Ya saurara har na gama, ya ce ya yarda da ni, bai taɓa zaton ƙarya zan yi masa ba.

Sannan ya ce, "Amma ɗana, ranar da na miƙe a gabansu ban ce musu abokinka ba. Kai na ce."

A ƙarshen kakar ya sauka daga kwamitin da kansa. Har yau in na je yana tarbata da fara'a, ya tambayi yara, ya sa a ɗaura mini shinkafa a babur. Bai sake tambayata yadda aiki yake ba.