Saiwar da Aka Ciro Mini a Unguwar Rimi

Ana sallame sallar asuba muka kama hanya daga ƙauyenmu na bayan Giwa, ni da yayata, kumatuna na dama naɗe da ƙyalle. Mako uku ke nan haƙorin can ƙurya, wanda ake ce wa haƙorin hankali, ya hana ni sakat. A asibitin yankinmu sun ba ni ƙwayoyi har kumburin ya ɗan saɓe, sannan suka rubuto mini takarda zuwa Kaduna, wai haƙorin a kwance yake cikin ƙashi, sai an tsaga.

Inna ta rako mu bakin titi tana share hawaye, kuma tana da dalilinta. Shekara goma sha tara da suka wuce, wannan gefen ne ya kumbura wa Babanmu. Wanzami ya sa awartaki ya zaro wani abu baƙi, lanƙwashe kamar ƙugiya, ya ce jifa ne. Kwana huɗu tsakani wuyan Baba ya cika, ya rasu. A lokacin suna rigimar gona da ƙaninsa, Baffa, sai zargi ya tsaya a kansa. Tun ranar ba mu ƙara gaishe shi ba, alhali katanga ɗaya ce tsakaninmu. Abin nan kuwa Inna na ajiye da shi a gwangwanin man zafi.

"Ya gama da uban, ya juyo kan ɗan," in ji ta da motar ta tsaya.

Ni malamin makaranta ne, a aji dariya nake yi wa irin wannan magana. Amma a motar tsoro nake ji ƙwarai, domin bana na cika shekarun da Baba ya rasu yana da su.

A Zariya muka canja mota. Kuɗinta ya kusa ninka na bara, ramukan hanya kuwa ba su ragu ba, kowanne sai na ji shi a muƙamuƙina. A Mararrabar Jos yayata ta sayi masa da ƙuli, ta ci a gabana ba ko kunya, ni kuma ina zuƙar kunu ta gefen baki. Daga Kawo muka hau keke mai ƙafa uku. Direban Bakatsine ne, yana ganin fuskata ya fara ba ni labarin wani da aka cire wa haƙori ya makance. Yayata ta ce ya duba gabansa.

Unguwar Rimi shiru gare ta. Katangu dogaye, ƙofofi a rufe, rana ta take amma ba kowa a layin. Asibitin tsohon gida ne aka mayar, da wani ƙaton mangwaro a tsakar gida, jemagu sun yi reto a rassansa, ba sa ko motsi. A ɗakin jira akwai kabad mai gilashi cike da siffofin bakunan mutane da aka zuba da farar ƙasa, kowanne a hangame, da suna manne a jikinsa. Aka kira wani tsoho da ke zaune kusa da ni, kuma ban ga fitowarsa ba.

Aka ɗauki hoton ƙashin bakina, likitar ta ɗora shi jikin fitila. Mace ce mai furfura, 'yar kudancin Kaduna, Hausarta tar. Na kalli ƙoƙon kaina yana yi mini murmushi ba leɓe ba nama. Yayata ta yi salati a hankali.

"Malam, ga shi nan ya kwanta ya tokare maƙwabcinsa," in ji likitar. "Za ka ji ƙara, ba za ka ji zafi ba."

Haka aka yi. Bayan allura rabin fuskata ya mutu, na taɓa na ji kamar fatar wani nake taɓawa. Idona biyu ina jin injin yana gurzar ƙashi, ina shaƙar ƙaurinsa, sai wani ƙas ya tashi daga tsakiyar kaina. Gida uku ta raba haƙorin. Da ta gama ɗinki ta miƙo mini ƙaramin faranti in gani. Na ukun baƙi ne, lanƙwashe kamar ƙugiya. Na san shi. Sau nawa Inna ta buɗe mana gwangwanin nan?

Bakina cushe da auduga, yayata ce ta ba ta labarin Baba.

"Ban ga Babanku ba, Allah ya ji ƙansa," in ji likitar. "Amma wannan saiwar haƙori ce. In aka fizge ta da ƙarfi sauran ya karye a ciki, ruɓa kan gangara wuya ta toshe numfashi. Irin kwanciyar nan kuma ana gadonta."

Na roƙa da hannu, ta ƙulle mini saiwar a leda. Muka kamo hanyar gida.

La'asar sakaliya muka isa gida. Inna ta ɗauko gwangwaninta, muka jera su biyun a kan tabarma. Ta daɗe tana kallo, tana juya su da tsinke. Sai ta ce, "Miƙo mini mayafina."

Na tafi Kaduna ina tsoron a kashe ni, na dawo na gane mu ne muka yi shekara goma sha tara muna cutar wani, kuma kunyar wannan ta fi mini ciwon ɗinkin. Taku ashirin ne daga ƙofarmu zuwa ta Baffa. Mun same shi a zaure yana jan carbi, idanunsa sun yi yana. Ni na yi sallama.

Ya amsa, ya karkato kunne, ya ce, "Wane ne? Ban gane muryar ba."